Katin asibitin da na bari a cikin kwalla

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisa mai wakiltar yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aikinka.

Ni matar aure ce daga wani ƙauye kusa da Anka. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Ina cikin matan da suka zauna bayan zaure ranar da ka zo jin ra'ayin iyaye a kan dokar da kuke shiryawa ta haƙƙinsu wajen tarbiyya da lafiyar yara. Na gode da ka sa aka shimfiɗa wa mata tabarmarsu, aka kuma turo mace ta rubuta abin da muka ce. Ban yi magana ba, domin surukata tana kusa da ni. Na ji ana cewa a wasu ƙasashe har batun ko yaro namiji ne ko mace ake sawa cikin irin wannan doka. Wannan ban san kansa ba, ba shi ya kawo ni ba.

Ɗiyata ta fari ce ta kawo ni. Sunanta Hauwa'u, kuma tun haihuwarta ban taɓa kiran sunan a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari da ka sani. Tana goye ta yi zazzaɓi aka ba ta wata ƙwaya, sai jikinta ya yi ƙuraje, bakinta ya fashe. Malamin asibiti ya rubuta a katinta cewa kada a sake ba ta wannan magani har abada. Na naɗe katin a leda na sa cikin kwallar jerena.

Da aka yaye ta, yayar maigidana ta zo daga Gummi ta ɗauke ta riƙo. A wurinmu uwa ba ta raka 'yar fari, ba ta kuma yi wa mai riƙo bayanin yadda za a kula da ita, don kamar ka ce ba ka yarda da ita ba ne. Ina cikin ɗaki na ji tashin babur. Na roƙi maigida ya faɗa mata zancen maganin, ya ce Inna, wato surukata, za ta faɗa, ya tafi wurin haƙar zinari. Inna kuma ta ɗauka ya faɗa. Shekara biyar ina ganin Yaya a biki da suna, tana ba ni labarin yarinyar ina sunkuyar da kai.

Damina ta bara Hauwa'u ta yi zazzaɓi. Yaya ta sayo mata magani a kemis kamar yadda kowa ke yi, ashe shi ne wanda aka hana. Kafin a kai ta asibiti fatarta ta fara saluɓewa.

Ranka ya daɗe, a nan ne godiyata ta fi yawa. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta yi ta tambayar Yaya ko an taɓa ganin haka a jikin yarinyar, har ta gane riƙo ne. Ta ce lallai a nemo wadda ta haife ta. Da na iso na tsaya a bakin ƙofa, na kasa matsawa don dangin miji na zaune. Ta kamo hannuna ta zaunar da ni a gefen gado, ta ce: "Nan babu surukai, riƙe ɗiyarki." Kwana biyu na samu ina shafa mata kai ina ɗiga mata ruwa a baki, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ban san sunan matar nan ba. Ina sa ta a addu'a kullum.

Ba na ƙarar kowa. Yaya ta riƙe ta da amana, ta rame fiye da ni. Na san kwana ya ƙare, amma katin yana ɗakina, kuma ni na ajiye shi.

Ga roƙona. Na farko, in kun rubuta haƙƙin iyaye, ku tuna da yaran riƙo, don sun yi yawa a gidajenmu. A sa cikin doka cewa duk yaron da zai koma hannun wani, katin asibitinsa ya bi shi, kuma uwa ta faɗi abin da ta sani da bakinta.

Na biyu, a umarci asibiti da masu kemis su riƙa tambaya ko wadda ta kawo yaro ita ta haife shi, in ciwon ya yi tsanani a aika wa mahaifansa da wuri. Abin da matar nan ta yi don kirkinta, a mai da shi aikin kowa.

Wani zai ce wannan ba sai da doka ba. Ranka ya daɗe, mace irina ba za ta iya buɗe baki gaban surukarta ta ce ga yadda za a yi da ɗanta ba. Amma in ta ce hukuma ce ta sa, babu mai cewa ta yi rashin kunya.

Ƙanwar marigayiya, Sa'adatu, ta isa yaye. Bayan girbin gero za a kai ta wurin ƙanwar Inna a Bukkuyum, kuma ban hana ba. Na dai gaya wa maigida ni zan kai ta da kaina, in zauna in yi bayani. Bai ce a'a ba. Dokarku ba za ta riga ni isa can ba, na sani, zan sha maganar mutane ni kaɗai. Ku hanzarta saboda wadda za ta yaye nata baɗi.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuriya, ya sa kada ka ga abin da na gani.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyar Hauwa'u,
daga ƙasar Anka.