Ganyen da Inna Take Jira

Uwargida Sumie, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekara biyu ke nan mahaifiyata tana gidan kula da tsofaffi. A bayan gidanmu na kwarin Kiso akwai wata 'yar bishiyar maruba da marigayi Baba ya dasa a inuwar manyan itatuwa. Duk lokacin kaka zagayayyun ganyenta sukan rine ja wur, ranar da suka rine ce Inna take ziyartar kabarinsa, ta ajiye masa guda uku. Ba ruwanta da kalanda.

Bara ni da yayana Noboru muka sayar da gidan ba da saninta ba. Na tono bishiyar na sa a tukunya, na girke ta a barandata, hawa na tara a Nagoya, inda rana ke dukanta tun safe. Ni fa digiri gare ni a ilimin tsirrai. Kafin Agusta ya ƙare ganyen duk sun ƙone.

Yanzu duk zuwana sai Inna ta tambaye ni ko bishiyar ta yi ja. Makon jiya na tsinto jajayen ganye masu yatsu-yatsu na wata bishiya a lambun gari na kai mata. Ta jujjuya ɗaya, ta ce ashe bana bishiyar babanki yatsu ta fitar. 

Noboru ya ce in yi shiru, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Shi da yake zuwa sau ɗaya a shekara, shiru ba ya yi masa wuya. In faɗa mata?

Ɗiyar Kiso

Ɗiyar Kiso, yayanki tsoro yake ji, kuma yana da hujja, don haka ki fara tuntuɓar likitan Inna. Amma matar da ta shekara ashirin tana tsintar ganyen nan ba a yi mata musanye. Ta riga ta gane. Jira take ta ga ko 'yarta za ta gaya mata da bakinta. Ki zauna kusa da ita ki faɗa, har da batun gidan, kada ki tsaya kare kanki.

Ki kankare ɓawon reshen bishiyar da farce. In kin ga kore tana da rai, sai ki roƙi gidan tsofaffin su ba ta wuri mai inuwa. In ta bushe, wannan ma ki faɗa.

Lokacin kaka kuwa ya kusa ƙarewa, Inna na zaune tana jiran ganyen da ba za su zo ba. Ki kai ta kabarin a makon nan, ko da hannu wofi. Ina yi muku fatan sauƙi, ke da ita.