Hannun da Ya Ƙi Sauka

Yaya Mu'azu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Legas? Mutanen gida a Isa duk lafiya.

Tunda aiki ya kawo ni Sakkwato na shiga ƙungiyar iyo ta manya. Ranar gwaji aka yi ta min dariya, wai da hannu guda nake iyo, gudan na sama. Kocinmu ya ce in ban sauke shi ba, ba ni ba gasa.

Ƙaƙa za ni yi mai bayani? Muna yara, kai ke ba ni rigarka in ɗaga idan za mu ƙetare gulbi zuwa gonarmu ta Turba. Har na yi furfura hannun bai manta ba.

A sa ni a addu'a, ka gaida yara. In na zo na ƙarshe, rigarka dai ba ta jiƙe ba.

Ƙanenka,
Sani