Lauyana Ya Ɓace da Fasfona

Ƙanena Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga yayarka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da jaririyarku, ya kuma ƙara muku rufin asiri a ƙasar mutane. Mu ma nan lafiya muke, ni da yaran biyu, sai ciwon bayan da tsayuwa a ɗakin wankin otal ta jawo mini, shi ma da sauƙi. Na yi waya da Inna makon jiya. Kumburin ƙafarta ya sauka, har ta fara takawa zuwa bakin ƙofa. Ta ce hoton jaririyar da ka tura ya yi duhu, ba ta ga hancin ba balle ta san na wa ta ɗauko, ka sake wani.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganar da ka yi mini a waya kana dariya, cewa lauyan da ke bin takardar zamanka ya yi mako uku bai ɗaga kiranka ba. Ka ce ai manya ne, aiki ya yi musu yawa. Ni ban taya ka dariyar ba. Akwai abin da na shekara biyu ina dannewa, ban faɗa wa kowa a gida ba, yau zan faɗa maka.

Da izinin zamana ya kusa ƙarewa, na je wurin wani lauya da 'yan wurin aikinmu suke yabo. Ofishinsa na hawa na uku, a saman wani shagon sayar da tabarau. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya tambayi sunayen yarana. Ya karɓi takarduna duka har da fasfo, ya ce ofishin shige da fice na iya neman ganinsa kowane lokaci, gara ya zauna a hannunsa. Ya sa adireshin ofishinsa a madadin nawa, wai don kada wasiƙa ta ɓata a gidan haya. Na fito ina sa masa albarka, babu komai a hannuna sai ɗan katinsa.

Watan farko in na kira, sakatariyarsa ce ke ɗauka, ta ce yana kotu. Wata na biyu ta ce ya yi tafiya. Daga nan wayar ta koma ƙara kawai. Nakan tura saƙo cikin ladabi, in fara da ba shi haƙurin damunsa da nake yi. Ka san tarbiyyar gidanmu: ba a yi wa babba naci. Wata huɗu cur na zauna, ina ninke zannuwan gado ina gaya wa kaina mai ilimi ya san abin da yake yi. Kunyar da aka yabe ni da ita tun ina yarinya, ita ta kai ni ta baro.

Ana cikin haka ka kira ka ce an kwantar da Baba a asibiti, likita ya ce a sanar da na nesa. Washegari da safe na hau benen nan don in karɓi fasfona. Na tarar an cire allon sunansa, sai ramukan ƙusa huɗu a jikin ƙofa. Ta gilashi na hango wasiƙu zube a ƙasa, sun taru kamar shara. Tsohon da ke goge matakala ya ce an fi wata biyu da kwashe kaya, kuma ni ce ta tara da ta zo ta tsaya a wurin tana leƙe. Ya miƙo mini bokitinsa a kife in zauna.

Daga nan na wuce ofishin shige da fice, na ja lamba, na jira har bayan azahar. Matar da ke bayan gilashi ta duba kwamfuta ta ce sun rubuto sau biyu suna neman ƙarin takarda ɗaya daga wurin aikina, sun ba da wa'adin kwana talatin, ba a amsa ba, sun rufe fayil ɗin mako bakwai da suka wuce. Takarda ɗaya, Auta, wadda shugabar aikina za ta buga mini cikin minti biyar. Na ce lauyana ne ya ɓace. Ta ce ta ji, amma fayil ɗin sunana ne a kai, ba sunansa ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, da na so, ofishin jakadancinmu zai ba ni takardar tafiya in iso gida cikin kwana uku. Amma an gaya mini in na fita a wannan hali, babu dawowa. Yarana a nan suke makaranta, kuma tun rasuwar ubansu ba su da kowa sai ni. Sai na kira Baba na ce masa an hana ni hutu a wurin aiki. Muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce in riƙe aikina, ya yafe mini, in kula masa da jikokinsa. Bayan kwana tara ya rasu. Na san abin da Goggo ta faɗa a gaban mutane, an kawo mini shi har nan: wai na zaɓi in wanke zanen gadon baƙi a kan in wanke na ubana. Ban mayar mata ba. Me zan ce? In ce shekara goma sha ɗaya a ƙasar waje ban koyi riƙe fasfona da hannuna ba?

Wadda ta tsamo ni wata lauya ce a wani ɗan ofishi da ke ba baƙi shawara kyauta, bayan tashar bas. Ta tambaye ni lambar fayil, ban sani ba. Ta tambayi kwafin abin da aka shigar da sunana, babu. Ta dube ni ta saman tabarau, na ji kamar in nutse. Abin da ya cece ni saƙonnin nan ne na ban haƙuri da ban goge ba, su suka nuna na nemi lauyan nawa. Ta kai ƙara ƙungiyar lauyoyi, a nan muka ji an dakatar da lasisinsa tun wata guda bayan na ba shi takarduna. Yana sane, sakatariyar ma tana sane lokacin da take cewa ya yi tafiya. Fasfona ya fito bayan wata biyar daga cikin wani kwali, tare da na mutane da yawa. An sake buɗe fayil ɗina, amma har yau takardar wata shida-shida nake sabuntawa, ba ni da ikon fita. Shi kuwa kwanan baya na ga hotonsa a allon talla, ya koma dillancin gidaje, yana murmushin nan dai da ya yi mini.

Don haka ka bar dariya. Ranar Litinin ka ɗauki hutu ka taka da ƙafarka zuwa ofishinsa. In ka same shi, alhamdu lillahi, ka nemi lambar fayil ɗinka da kwafin duk abin da ya shigar, kuma kada ka fito ka bar masa fasfo. In ba ka same shi ba, ka rubuta masa wasiƙa mai kwanan wata, ka ajiye kwafi, kada ka goge saƙo ko ɗaya. A ranar ka tuntuɓi ofishin shige da fice da kanka, ka tambaya ko akwai wasiƙar da suka aiko ko wa'adin da ke gudu, ka sa su riƙa aiko maka a adireshinka. Ƙungiyar lauyoyin ƙasar da kake za ta gaya maka ko lasisinsa na nan. Sauya lauya kuma ba rashin kunya ba ne, ba surukinka ba ne. Mai yiwuwa naka mutumin kirki ne, rashin lafiya ce ta kama shi. To, ka je ka gaishe shi, ka karɓo takardunka.

Saura roƙo ɗaya. Inna har gobe tana yi wa shugabar aikina Allah ya isa, baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Sau da yawa na buɗe baki a waya in faɗa mata gaskiya, sai ya ƙi. Ina jin za ka riga ni zuwa gida. In ka je, ka zaunar da ita ku biyu kawai, ka karanta mata wannan takarda daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake inda na yi wa Baba ƙarya.

Ka gaida matarka, ka shafa mini kan jaririya. In kun yi waya da Kawu da Yaya Babba ka isar musu da gaisuwata. Goggo ma ka gaishe ta. Yaran suna gaida kawunsu.

Taka har kullum,
Yayarka