Dalilin da Ya Sa Na Zauna a Ofishinmu

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, Ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan. Mu ma lafiya lau muke. Tarin Inna ya lafa, har ta koma faɗan da ta saba, ka ga sauƙi ya samu ke nan. Maigidana yana gaishe ka, ya ce ka yi wuyar ji.

Ka tambaye ni ko na karɓi aikin babban kamfanin nan, to bari in faro maka daga tushe. Ka san ni ke shugabantar masu rubuta manhaja a wurinmu. Bana mutum uku suka bar mu, kamfanonin waje suka ɗauke su, suna aiki daga ɗakunansu ana biyansu ninki uku. Ban ga laifinsu ba, wanda ya samu rana ai sai ya yi shanya. Gurbi biyu mun cike, na ukun kuwa wata biyar muna nema. Wani ya zo da takardun shaida kamar zai buɗe shago, na ba shi layi ashirin na manhaja ya nemo kuskure, ya yi ta gumi, ƙarshe ya ce kwamfutar ce ba ta saba da hannunsa ba. Wanda ya iya kuma, da ya ji albashin, ya shanye ruwansa ya yi mana godiya.

Ana cikin haka tawa takardar ta zo, albashi kusan ninki biyu. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, raina ya biya. Da na gaya wa manajanmu, ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi, sannan ya tambayi abin da zai tsayar da ni. Na ce abu biyu: a yi wa kowa a sashena ƙari, ba ni kaɗai ba, kuma a bar ni in gwada Maman Biyu. Ita ce mai amsa wayar abokan ciniki, shekararta tara a kujerar, kuma da kanta ta koyi rubuta manhaja a lokutan hutu. Ya ce ai ba ta da digiri. Na ce masu digirin ai mun gan su. Ƙarshe dai ya amince da duka biyun.

Gwajin da na ba kowa shi na ba ta. Cikin minti goma ta gano kuskuren, sannan ta sunkuyar da kai ta ce in yi haƙuri, akwai na biyu. Wallahi ban san da shi ba, ni na yi shi! Da aka ba ta takardar sabon aikin, sai da ta karanta sau uku tana share ido da gefen mayafi.

Don haka na zauna. Ƙarin bai kai na wancan kamfani ba, kuma na san za ka girgiza kai. Amma ofis na kusa da gida, ni ke kai Inna asibiti, kuma ina tashi da safe da ɗokin aiki. Da tsohuwar zuma ake magani. Damuwarmu yanzu wanda zai ɗauki waya, don abokan ciniki sun ƙi kowa, sai Maman Biyu suke nema.

Ka gaishe mini da Anti, da Kawu Dogo, da Baban Gida da takwarata. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Autar Inna