Mma Ta Wanke Kan Jirgi

Takoradi, 3 ga Maris

Zuwa ga Mma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. A gaishe min da ƙanwata Rafi'atu.

Mma, albishirinki! Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa za ta yi taro a nan ranar 29 ga wata, kuma sun nemi in kawo ɗaya daga cikin ƙananan kawunan jirgin da nake ƙerawa. Shekara goma sha biyu ina wannan aiki, amma babu wanda ya taɓa tuƙa na gaske da ya duba ya ce min na yi daidai ko ban yi ba. Ba zan samu hutu ba kafin ranar. Don Allah ki shiga ɗakina ki ɗauko babban nan da ke kan katakon sama, mai injin dizal, ki ba Awalu direba a tashar motar Kejetia. A riƙe shi ta ƙasa kawai.

Ɗanki mai biyayya,
Kamil

Zongon Kumasi, 7 ga Maris

Kamil,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Na gode da ka rubuto, domin a waya katse ni kake yi kafin in kai ƙarshen magana.

Ka san ra'ayina. Mutum mai shekara talatin da huɗu, sa'o'insa suna zaman makokin unguwa da walimar abokai, shi yana kulle a ɗaki da gwangwani da gam. Ban canza ba. Amma tun da dattawa ne suka nema, ba zan hana ba.

Sai dai na ji kunya ƙwarai da na ɗauko abin. Baƙi ƙirin a sama, tsatsa a gefe, ƙafafun duk ƙura. Haka za ka kai gaban manya, a ce ɗan Hajiya Mamunatu ne? Na sa ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori, na zauna a tsakar gida tun bayan azahar har la'asar. Yanzu yana walƙiya paa. Rafi'atu ta dawo daga shago ta gani, ta ɗora hannu a ka tana salati, ban san me ke damunta ba. Ranar Asabar zan ba Awalu.

Ka riƙe sallah a kan lokaci.

Mahaifiyarka da ba ta gajiya da gyara maka,
Mamunatu

Takoradi, 10 ga Maris

Mma,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau uku, sannan na fita na zagaya gidan.

Mma, wannan dattin ni na sa shi da hannuna. Wata huɗu na yi ina shafa shi da garin alli mai launi, kaɗan-kaɗan, ina duban hotuna, don ya yi kama da kan jirgin da ya sha hanya. Abin da direbobin za su duba ke nan. Sabo fil ko a shagon kayan wasa a Adum ana samunsa. Allin da burusan duk suna ɗakina a Kumasi, ni kuma ina nan. Kada ki ba Awalu. Zan gaya wa dattawan ba zan samu zuwa ba.

Ban yi fushi ba. Ki yafe min in harshena ya yi kaifi.

Kamil

Zongon Kumasi, 14 ga Maris

Kamil,

Bayan gaisuwa. Ka yi fushi, kuma ƙarya ba ta yi maka kyau. Kwana biyu ban ci abinci sosai ba. Na ɓata maka aiki, na sani, Allah kuma ya sani ban yi da mugunta ba. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

Amma ba ka isa ka saɓa wa dattawa alkawari ba. Wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce.

Na sa Rafi'atu ta buɗe min hotunan jiragen da ka kwafa. Na ce mata, “Wannan keteken wace ƙasa ce?” Ta ce na Turai ne. Na ce to shi ya sa! Kai da ka taso jirgi ya kusa daina shigowa Kumasi, me ka sani? Ni shekara bakwai, in na tashi daga makaranta, nake taya kakarka sayar da koko da ƙosai a tashar jirgi. A gaban waɗannan injinan nake tsayawa har zafinsu ya dake ni. Ƙurarmu ja ce, ba toka-toka ba. Hayaƙin ba ya rufe rufin duka, baya yake kwantawa. Ƙarfen da direba ke kamawa ya hau kuwa, kullum fes yake, saboda hannu na goge shi.

Saboda haka na mai da dattin da kaina. Na tankaɗe jar ƙasa da rariya sau uku. Na daka gawayi. Burusanka sun yi min laushi, sai na tauna asuwaki na yi amfani da bakinsa. Bakin tankin mai na sa masa kwallina. Maƙwabciyarmu Humu ta leƙo ta same ni da tabarau a hanci, ta ce, “Hajiya, lafiya? Ke da kike korar mu in mun zubar da ɓawon lemo, yau ke ce ke shafa wa abu ƙasa?” Na ce, “Humu, je ki duba tukunyarki, tun ɗazu nake jin ƙauri.”

Akwai abu ɗaya da na ƙara a ƙasan tagar dama. Ba zan gaya maka ba. In ba su gane ba, ka goge.

Awalu zai taso da shi jibi. Na gargaɗe shi a kan ramukan hanya.

Mahaifiyarka,
Mamunatu

Takoradi, 30 ga Maris

Mma! Mma!

Assalamu alaikum, na kusa mantawa da sallama.

Da na buɗe kwalin na ga ja ya yi yawa, ga wani ɗan jan layi a ƙasan taga kamar fenti ya zuba. Sau biyu na ɗauki tsumma, na kasa gogewa.

A wurin taron tsofaffi suka kewaye tebur. Sai wani Baba Munkaila, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙi tsakanin nan da Kumasi, ya sunkuya har hularsa ta faɗi. Ya nuna jan layin, ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, “Jama'a, ku zo ku ga goro! Wallahi tofin goronmu ne! Kullum shugaban tasha sai ya zage mu a kan wannan.” Wani ya ce, “Naka ne, Munkaila, kai ne ba ka iya tofi nesa ba.” Suka yi ta musu kamar yara, wani yana share hawaye da gefen riga.

Baba Munkaila ya kama hannuna ya ce, “Yaro, ƙirar taka ce, kuma ta yi daidai har ƙusa. Amma dattin nan ba naka ba ne. Wanda ya sa shi ya tsaya a tasha.” Na gaya musu gaskiya. Sun ce lallai in kawo ki taron bayan Sallah, kuma wai ko ke ce yarinyar mai koko da ke hana su sha sai sun wanke hannu?

Na gode, Mma. Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
Kamil

Zongon Kumasi, 2 ga Afrilu

Kamil,

Wa alaikumus salam. Ni ce. Ka gaya wa Munkaila har yau ban manta hannunsa ba.

Zan zo, in Allah ya yarda, ba don a kalle ni ba, don in ga irin ɗakin da kake kwana.

Sauran goma sha ɗayan da ke kan katako na duba su da kyau. Dattinsu duk ƙarya ne. Na wanke su jiya, suna shanya a tsakar gida. Ka aiko min da tabarau mai ƙarfi.

Ka gaida dattawan.

Mahaifiyarka,
Mamunatu