Rijiyar Ubanka Ba Za Ta Koma Garaji Ba

Zuwa ga ɗana Mai-sunan-Malam, a ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa motar da ka turo ta jirgin ruwa ta iso. An fito da ita daga tashar jirgi, tana ƙofar gida a lulluɓe da tamfol. Na gode, Allah Ya yi albarka. Wannan wasiƙa za a karanta ta gaban kawunka Bala da matan unguwa kafin ta tafi gidan waya, domin maganar da ke cikinta ta shafe su.

Ka ce a gina wa motar garaji a gefen ƙofa. Na kira Kofi magini ya auna. Da aka kai zanen garajin zuwa ofishin gari, suka ce doka ta hana gini ya matso bakin titi, sai an ja da baya mita uku. Kofi ya sake ja da igiyarsa, sai ga turken ƙarshe ya faɗa daidai kan rijiya.

Na sanar da kai, amsarka ta zo da sauri. Ka ce a rufe rijiyar da siminti tunda yanzu akwai famfo a bakin layi. In kuma ba na so, a ba mutumin ofis goronsa ya kau da kai. Na karanta, na ninke takardar, na yi alwala, don kada in amsa maka cikin fushi. Fushin bai tafi ba, don haka ga amsar.

Ba zan rufe ba. Ba zan ba da goro ba.

Ka manta lokacin da aka tashe mu daga tsohon Zongo, aka sauke mu da tabarmi da tukwane a wannan fili? Kowa ya fara da ɗaki. Ubanka ya fara da rami. Muna kwana ƙarƙashin kwano huɗu da aka jingina, shi yana can ƙasa yana haƙa, kai kana jan bokitin yashi har tafin hannunka ya yi kanta. Ranar da ruwa ya ɓullo, abin da ya faɗa ke nan: "Duk wanda ya shigo da guga, kada a tambaye shi yarensa ko addininsa."

Har yau ba a tambayi kowa ba. Maƙwabciyarmu Da Afi, mai sayar da kenke, dunƙulen tuwon masara, da wannan ruwa take dafa abin sayarwarta. Masu sallar asuba nan suke cika buta. Famfon da kake taƙama da shi daga Faransa, in ya ga dama sai ya ɗauke kwana da kwanaki, matan layin nan kaf su dawo tsakar gidanmu. Da ruwan rijiyar nan aka wanke ubanka. Ladan kowane guga yana isa kabarinsa, kai kuma kana so in toshe masa shi saboda ƙarfe mai ƙafa huɗu ya samu inuwa.

Batun goro kuwa, kunya ta kama ni a madadinka. Ban tura ka lakwal don ka koyi sayen sa hannun mutane ba. Kawunka ma ya kawo tasa dabarar: wai in sayi atamfar jam'iyya, in shiga sahun matan da ke rawa ranar taro, shugabarsu za ta yi mini magana a sama. Ban ce komai a kan masu rawa ba, kowa da ƙafarsa. Ni dai tawa ba ta taka rawa don garaji.

Abin da na yi shi ne na ɗaura zanena na tafi ofishin da kaina. Magatakardan ya ga mayafi, ya fara neman tafinta. Na amsa masa da Faransancin da na koya a kolej tun bai san hanyar makaranta ba. Na ce dokarsu na sani, ban zo karya ta ba. Na zo neman abin da ita kanta dokar ta tanada, wato sassauci, derogasiyo a bakinsu: a bar ni in ja mita ɗaya da rabi maimakon uku. Layinmu ba ya ɓullewa ko'ina, babbar mota ba ta bi, gini ba zai tare wa kowa hanya ba. Maƙwabta sun yarda, Da Afi ce ta fara dangwala yatsa a takardar shaida.

Sun ce in dawo. Na koma, sun ce babbansu bai zauna ba. Zan sake komawa. Bencin ofishin ya san ni, kuma ba ni zan fara gajiya ba.

Ɗana, na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Kana so in daina tsayuwa a rana ina jiran tasi in zan je unguwar Amoutivé ganin ƙanwarka. Na san sanyin da ka sha kafin ka tara abin sayen motar nan. Wani lokaci nakan ɗaga tamfol in shafa ta, in ce hannun yarona ya taɓa nan. Amma nesa ta sa ka manta abin da ke riƙe da gidan nan. In ka zo, ka ja guga ɗaya ka sha, za ka tuna.

Ga hukuncina, kowa ya shaida. In sun ba ni sassaucin, Kofi zai ɗora bulo washegari, motarka ta samu ɗaki. In sun hana, motar za ta ci gaba da kwana a waje cikin tamfol ɗinta, raɓa ta jiƙa ta, iskar teku ta ci fentinta. Rijiyar kuwa bakinta a buɗe har ranar da za a ɗebo daga cikinta a wanke ni.

Allah Ya jiƙan ubanka, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya shayar da mutane. Allah Ya tsare ka daga cin haram da ciyar da shi, Ya dawo mini da kai ina da rai.

Mahaifiyarka,
Hajiya Rakiya, Zongo, Lome.