Ƙofar Gonar Kawu Kelvin

Zuwa ga yayana Darcy,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Monique da 'yata Imogen. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin Winnipeg bai cinye muku kunnuwa ba. Mu nan zafi ya kusa gasa mu. Mama tana nan ƙalau in ban da gwiwar nan tata, kuma duk wanda ya shigo sai ta faɗa masa ɗanta zai dawo gida Kirsimeti mai zuwa. Maigidana Warwick ya ce in gaya maka ka daina turo masa hoton ƙanƙara, bai ce yana so ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Abin da ke bakina ba zan iya faɗinsa ina kallon fuskarka ba. Kuma ya shafe ka, tunda ka yi wa Imogen alkawarin za ka kai ta kogin Baba ta jefa fatsarta ta farko da sandarsa.

Bayan sabuwar shekara ni da Warwick muka loda tanti da kula a mota muka nufi duwatsu. Kafin mu tashi na kira Kawu Kelvin, kamar yadda Baba yake yi duk shekara kafin ya taka gonarsa. Ya ce mu wuce abinmu, ba za mu same shi gida ba, zai kai matarsa Anti Glenys Canberra a yi mata aikin ido, sai bayan 'yan kwanaki. Muka tsaya Cooma muka sayi burodi da ƙanƙara, muka ci gaba ba gaggawa. Muna shiga hanyar gonar sai ga wata farar mota tana fitowa, samari ne cike, kiɗa kamar za su fasa gilashi, da gani sun ɓata hanya ne. Da muka isa ƙofa ta biyu, wadda ke tsakanin makiyayar tudu da gangaren kogi, muka same ta a wangame.

Ka san halina. Nan take na hau masifa, na ce ga aikin 'yan birni, sun shiga gonar mutum sun bar masa ƙofa a buɗe. Warwick ya nuna mini dutsen da aka tokare ta da shi, ya ce anya ba da gangan aka buɗe ta ba? Na ce masa shi da aka haifa a tsakiyar Sydney ne zai koya mini ƙofar gona? Na sauka, na ture dutsen da ƙafa, na ja ƙofar na ɗaura sarƙa, har ina kaɗe hannu kamar na yi wa Kawu aikin lada. Yaya, sau nawa Baba ya ja mana kunne cewa yadda ka sami ƙofa haka za ka bar ta? Rabin maganar kawai na riƙe, na rufewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun ji daɗin zaman nan ƙwarai. Mun kafa tanti a inda Baba yake kafawa, ƙarƙashin itacen turaren nan da ya karkata kan ruwa. Da safe mu hau dutse har inda ake hango sauran duwatsun, da rana mu jiƙa ƙafa, Warwick ya sa giyarsa cikin kogi tana sanyi yana barci da hula a fuska. An hana hura wuta, don haka a rishon gas na soya kifin da na kama a gurbin Baba, babba ne mai jajayen ɗige-ɗige, da man shanu da lemon tsami. Na daɗe ban yi barci irin wannan ba. Wata rana da yamma iska ta kawo mana kukan tumaki daga bayan tudu, na ce wa Warwick ya saurara, wannan shi ne kukan gida. Wallahi haka na faɗa, ina murmushi.

Ranar komawa, hankaki muka fara gani. Kududdufin makiyayar tudu ya ƙafe tun kafin Kirsimeti, shi ya sa Kawu ya buɗe ƙofar ya tokare ta, don tumakin su riƙa gangarawa kogi. Bai faɗa mini a waya ba saboda bai ga dalilin faɗa wa 'yar Col, wato Babanmu, ba; ya ɗauka na san ƙa'idar ƙofa. Tumakin sun taru a jikin ƙofar suna jin ƙanshin ruwa, wasu sun hau kan wasu. Ban ƙirga waɗanda suka mutu ba, ban iya ba. Kawu yana tsaye a cikinsu da tankin ruwa a bayan motarsa, tsoho mai neman tamanin, yana ɗaga kan wata tunkiya yana ɗura mata ruwa da kwalba. Muka tuɓe takalman yawo muka taya shi jan gawarwakin zuwa rami har rana ta yi sanyi.

Muna cikin aikin ya tambaye ni ko mun ga wani a hanya ranar da muka shigo. Na buɗe baki na ce mun ga wata farar mota da samari. Ban yi ƙarya ba, amma ka san abin da na yi. Ya gyaɗa kai ya ce, “Da ma na sani. Col bai haifi wanda zai taɓa ƙofar wani ba.” Warwick ya ci gaba da aikinsa, bai ma dube ni ba, kuma har yau bai ce mini ai ya faɗa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kawu ya matsa sai mun shiga gida. Anti Glenys da bandeji a ido ta lalubo ta dafa mana shayi, ta yanka kek, tana tambayar ko Imogen ta yi tsawo. A teburin nan Kawu ya ce ya gaji, daga yau kwaɗo zai sa a ƙofar bakin titi, ba mai sake shiga, har masu kamun kifin Cooma da suka yi shekara da shekaru suna zuwa. Sai ya tura mini makulli ɗaya, ya ce in yanka maka naka, yarinyar ta zo ta ga inda kakanta yake kamun kifi. Na karɓa, Yaya. Har godiya na yi.

Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Asabar mai zuwa zan koma in faɗa masa da bakina, Warwick zai tuƙa ni. Ban san abin da zai yi ba. In ya karɓe makullin yana da gaskiya, kuma kogin da Baba ya riƙe mana da mutunci tsawon rayuwarsa ni na ɓatar da shi, kai da 'yarka ba ku ci ba ba ku sha ba. Shi ya sa nake so ka ji daga gare ni tun yanzu. Don Allah kada ka ƙara yi wa Imogen zancen kogin sai na kira ka, kuma ka yafe mini in za ka iya. Mama ba ta sani ba tukuna.

Ka gaida Monique da kyau, ka ce na gode da rigar sanyin, ko da yake sai Yuni, lokacin sanyinmu, zan iya sa ta. Ka rungume mini Imogen. Mama da Warwick suna gaishe ku duka. Sandar Baba tana nan na goge ta na mayar cikin kwalinta. Makullin kuma yana cikin jakata, ban yanka maka naka ba.

Taka ƙanwa,
Narelle